Afuwar Konami ba ta iso Kebbe ba

A ranar 30 ga Satumban 2021 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya saki eFootball 2022, magajin PES, wasan ƙwallon da samarin Arewa suka shafe shekaru suna bugawa a gidajen gem. Nan da nan ya zama abin dariya a duniya. Fuskokin Messi da Ronaldo sun fito a karkace, kuma a kasuwar wasanni ta Steam ya shiga sahun waɗanda aka fi kushewa a tarihinta. Washegari kamfanin ya nemi afuwa. Babban gyaran da ya yi alkawarin kawowa a Nuwamba bai zo ba sai Afrilun 2022, waɗanda suka riga suka biya kuɗin wani kunshi na musamman kuwa aka mayar musu da abinsu.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar masoya, wai sun ɗaga murya, kamfani ya rusuna. Gaskiya ne, amma abin da aka gyara shi ne mafi sauƙi. Munin fuska aikin 'yan watanni ne. Babban sauyin kuwa, wanda ba a janye ba, shi ne ɗaure wasan da intanet. Sabon ya zo kyauta, amma da kulob tara kacal, babu Master League, wato sashen da mutum yake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka shi kaɗai da na'urarsa. Armashin wasan ya koma kan layi, inda ake sayen 'yan wasa da kuɗi.

A auna wannan da halin Tambuwal da Kebbe. A cikin watan Satumbar da wasan ya fito ne aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara mai iyaka da Kebbe. Ko a lokacin da sabis yake lafiya, mai gidan gem da ke sayen fetur ɗin janareto daga ɗan kuɗin da yara ke biya a kowane wasa ba zai ƙara wa kansa nauyin data ba. Shi da abokan cinikinsa ba su da asusu a Steam, saboda haka babu ma'aunin da ya ƙidaya fushinsu. Konami ya ba da haƙuri ga waɗanda yake iya lissafawa.

Martanin irin waɗannan wurare shi ne zama a kan tsohon PES, ana kai na'ura wurin mai gyara ya loda sababbin sunaye da riguna. Wani zai ce talauci ne, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a maganarsa. Wani zai ƙara da cewa galibin faya-fayan ba na asali ba ne, don haka kamfani ba ya bin su bashi, su ma ba sa bin sa. Duk da haka akwai hankali a zaɓin. Faifan da ke hannu ba ya bukatar izinin kowa kafin ya tashi, mai gyaran kuma an san shagonsa idan aiki ya ɓaci.

Turawa ma sun iso wannan matsaya, ko da yake a makare. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da The Crew, wasan tseren mota na 2014, sai ya mutu a hannun duk wanda ya saye shi da kuɗinsa. Daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games, wanda a Yulin 2025 ya haura sa hannu miliyan ɗaya a Tarayyar Turai, yana neman a tilasta wa kamfanoni su bar wasa yana aiki bayan sun janye hannunsu daga gare shi.