Shekara 6,000 ko biliyan 4.5: Lissafin da ya haɗa Littafi Mai Tsarki faɗa da duwatsu

A garin Williamstown na jihar Kentucky a Amurka akwai wani katafaren jirgin katako mai tsawon ƙafa 510, wanda ƙungiyar Answers in Genesis ta buɗe a 2016 a matsayin kwaikwayon jirgin Annabi Nuhu. Ana koya wa masu ziyara cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, kuma ruwan ɗufana ne ya shimfiɗa yawancin duwatsun da ke doron ƙasa cikin shekara guda. Su kuwa masana kimiyyar ƙasa sun ce shekarun duniya sun kai biliyan 4.5, adadin da Clair Patterson ya fitar a 1956, wanda gwaje-gwajen da suka biyo baya suka ƙara tabbatarwa.

Ɗalibin da ya ji ɗaya a coci ranar Lahadi, ya ji ɗayan a aji ranar Litinin, yakan ɗauka dole ya jefar da guda. A ganina tilascin ƙarya ne. Adadin 6,000 lissafi ne da mutane suka yi, kuma lissafin ɗan Adam ana iya sake duba shi ba tare da an taɓa nassi ba.

Daga ina 6,000 ta fito?

Babu ayar da ta faɗi shekarun duniya a Littafi Mai Tsarki. Abin da ke akwai shi ne jerin zuriya a sura ta 5 da ta 11 na Littafin Farawa, inda aka ambaci shekarun kowane uba lokacin da ya haifi ɗansa. A 1650, Akbishop James Ussher na Armagh a ƙasar Ailan ya tattara waɗannan shekaru, ya haɗa su da tarihin sarakunan Babila da Farisa da Rum, ya ce an halicci duniya a watan Oktoba na shekarar 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, ruwan ɗufana kuma ya zo wajen 2349. Daga 1701 aka riƙa buga waɗannan shekaru a gefen shafukan Baibul na Turanci. Yau da gobe sai masu karatu suka daina bambance bayanin gefe da nassin kansa.

Ussher ba jahili ba ne, ya yi aiki da mafi kyawun bayanan zamaninsa. Sai dai ko tsofaffin kwafe-kwafen littafin ba su zo da adadi ɗaya ba. Daga Adamu zuwa ɗufana, matanin Ibrananci ya ba da shekara 1,656, fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka fi amfani da ita ta ba da 2,242, kwafin Samariyawa kuma 1,307. Masanin Musulunci Al-Biruni ya lura da wannan saɓani tun wajen shekara ta 1000, lokacin da yake nazarin kalandar al'ummomi. Abin da ya zo da lamba uku ba zai zama sharaɗin imani ba.

Salsala tana tsallake suna

A 1890, William Henry Green, malamin Tsohon Alkawari a kwalejin tauhidi ta Princeton, ya wallafa wata maƙala da ta sauya muhawarar. Green mai tsattsauran riƙo ne da nassi, ba ya cikin masu shakka. Hujjarsa ita ce marubutan Littafi Mai Tsarki sun saba taƙaita salsala, kuma ya kawo misalai daga cikin littafin.

A surar farko ta Linjilar Matiyu an tafi daga sarki Yoram zuwa Uzziya kai tsaye, alhali littattafan tarihin sarakuna sun nuna akwai sarakuna uku a tsakaninsu: Ahaziya da Yowash da Amaziya. Marubucin ya tsara sunayen ne rukuni uku na goma sha huɗu-huɗu. Salsalar Ezra a sura ta 7 ta littafinsa ta bar sunaye shida da ke cikin Tarihi na Ɗaya. Linjilar Luka kuma ta ƙunshi wani Kayinan da babu shi a matanin Ibrananci na Farawa sura ta 11. Jerin Farawa ɗin ma tsararre ne: suna goma daga Adamu zuwa Nuhu, goma daga Shem zuwa Ibrahim. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero kakannin sarki ya san ana kiran jika ɗa, kuma manufar ita ce nuna tsatso.

Wannan hujja tana da iyaka, kuma gaskiya ta buƙaci a faɗa. Farawa sura ta 5 ta ambaci shekarun uba a lokacin haihuwa, abin da Matiyu bai yi ba. Amsar Green ita ce shekarun na nuna lokacin da reshen da ya kai ga wanda aka ambata ya soma, amma masu sukarsa na ganin an matsa wa nassi. Bayan haka, ƙasusuwan mutane irinmu da aka samu a Jebel Irhoud na Maroko sun kai shekara kusan 300,000, kuma cike wannan tazara da sunayen da aka tsallake aiki ne mai nauyi. Har yau malaman Kirista masu yarda da tsufan duniya na da ra'ayoyi mabambanta kan inda Adamu ya faɗo a tarihi. Abin da Green ya tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, amma ya isa: ba a rubuta salsala don ta zama kalanda ba.

Malaman coci na cikin waɗanda suka fara karanta duwatsu

Ana yawan ba da labarin kamar marasa addini ne suka ƙirƙiro tsufan duniya don su rusa coci. Tarihi ya nuna akasin haka. William Buckland na Jami'ar Oxford da Adam Sedgwick na Kambirij limaman cocin Ingila ne, kuma dukansu sun fita neman shaidar ɗufana a ƙasa. A 1823 Buckland ya wallafa littafi yana cewa ya same ta a tsakuwa da laka da ke warwatse a Birtaniya. A 1831 Sedgwick ya tsaya gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ya janye wannan ra'ayi, domin ya gano tarin tsakuwar ba lokaci ɗaya ya taru ba. Zuwa 1840 Buckland ya yarda da bayanin Louis Agassiz cewa ƙanƙara ce ta kwaso su. Dukansu sun mutu suna Kiristoci.

Shaidun da suka taru bayansu sun fi ƙarfi. A tsakiyar jerin duwatsun da ake cewa ruwa ɗaya ya shimfiɗa akwai kaurin gishiri, wanda ba ya samuwa sai ruwa ya ƙafe, da laka mai tsagewar rana, da sawun dabbobi. Ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika ta adana tarihin yanayi na shekara 800,000. An gina babban dalar Giza wajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, kimanin shekara 200 kafin ranar da Ussher ya sa wa ɗufana, kuma sarautar Masar ta ci gaba ba yankewa. Ko kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987 ya kai shekara kusan 8,000, wato ya girmi duniyar Ussher da shekara dubu biyu.

Ra'ayin cewa ɗufana ne ya yi duwatsu ya dawo da ƙarfi ne a ƙarni na 20, ta hannun George McCready Price a 1923, sannan John Whitcomb da Henry Morris a littafinsu na 1961. Kafin nan, hatta William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa masu adawa da koyar da juyin halitta a shari'ar Scopes ta 1925, ya amsa a kotu cewa kwanakin halitta na iya nufin dogayen zamunna.

Duk duniya ko duk ƙasar?

Kalmar Ibrananci da aka fassara da "duniya" a labarin Nuhu ita ce "eres", kuma tana nufin ƙasa ko yanki a wurare da yawa. A labarin Yusufu an ce duk duniya ta zo Masar sayen hatsi, ba kuwa wanda ya fahimci cewa har da mutanen Sin. A kan haka malamai irin su Bernard Ramm a 1954 suka ce ambaliyar ta shafe duniyar da mutanen Nuhu suka sani ne.

Yankin Iraƙi na yau, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin kogunan Dijla da Furat, ya san irin wannan bala'i. A 1872 George Smith ya karanta labarin ambaliya da jirgi a wani allon yumɓu na Nineba. A 1929 Leonard Woolley ya tarar da kaurin lakar ambaliya a birnin Ur. An samu irinta a Kish da Shuruppak, sai dai ba zamani ɗaya ba ne, don haka babu mai ikon nuna ɗaya ya ce ita ce ta Nuhu. Masu adawa kuma suna da tambaya mai nauyi: nassin ya ce ruwa ya rufe dogayen duwatsu, kuma in yanki ne kawai, me ya hana a yi ƙaura? Amsar da ake bayarwa ita ce labarin ya zo ne da idon wanda ke cikin jirgi, ginin jirgin kansa kuma gargaɗi ne ga mutane.

Mai karatu Musulmi zai ga darasin ya shafe shi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Nuhu da tsayawar jirgi a Judi, bai sa masa shekara ba. Adadin da ya shiga wasu littattafan tarihi daga Ahlul Kitabi aka aro shi.

Abin da ya kamata

Tun kimanin shekara 1,600 da suka wuce, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya gargaɗi Kiristoci cewa idan suka faɗi shirme kan sama da ƙasa da sunan nassi a gaban wanda ya san abin, za su sa ya raina littafin gaba ɗaya. Gargaɗin na nan daram. Fasto ko malamin makarantar Lahadi da ya ɗaure imanin yaro da adadin 6,000 ya ɗora shi a kan reshen da darasin kimiyya ɗaya zai karya. Malamin kimiyya da ya yi wa ɗalibi dariya saboda addininsa shi ma ya manta waɗanda suka kafa fagen da yake koyarwa.

A gaya wa ɗalibai abin da nassi ya faɗa, da abin da Ussher ya lissafa, da abin da duwatsu suka nuna, kowanne da sunansa. Inda tambaya ta rage, kamar matsayin Adamu a tarihi, a bar ta a buɗe, a bar su su yi bincike.