Burodi Mai Nama da Cuku: Ina Gishirin Yake Ɓuya?

A makon jiya wata baiwar Allah ta zo karɓar maganin hawan jini a tagar ɗakin magani inda nake aiki. Da na duba katinta sai na ga likita ya ƙara mata magani na uku. Na ce, "Hajiya, yaya maganar gishiri?" Ta ce ta daɗe da rage shi a miya, har maigida yana ƙorafi. Da hira ta yi nisa sai ta ambaci abin karin kumallonta: burodi ne da sosej da cuku, ta jefa a na'urar gashi, minti goma ta gama, yara su ɗauki nasu su tafi makaranta. Ashe gishirin da ta kora ta ƙofa, ta taga yake dawowa.

Ba na cikin masu cewa a daina cin wannan abinci. Yana da sauƙi, yana ƙosarwa, kuma wanda aka haɗa a gida ya fi na saye, domin mai haɗawa ya san abin da ya zuba. Ra'ayina shi ne, duk amfanin yin sa a gida yana tafiya a banza idan kayan haɗin daga gwangwani da leda suka fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Burodi kansa da gishiri ake kwaɓa shi, ko da harshe bai ji ba. Cukun nan mai laushi da ake sayarwa yanka-yanka a cikin leda yana ɗauke da gishiri mai yawa, har da wasu sinadaran sodiyam da ke sa shi narkewa sumul. Sosej da naman gwangwani kuwa da gishiri ake adana su tun asali. Idan ukun suka haɗu, guda ɗaya tak na iya cinye rabin kason mutum na yini, tun kafin a zo ga miyar rana da dunƙulen ɗanɗanonta. Mai son ya gani da idonsa ya duba bayan kwali: a ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin. Gishiri mai yawa yana rage ƙarfin magungunan hawan jini, sai a yi ta ƙara ƙwaya alhali matsalar tana kan faranti.

Akwai kuma wani dalili. A shekarar 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, ta kuma ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin ciwon dajin babban hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Kalmar "kullum" ita ce abin lura. Cin sosej ranar biki daban, mayar da shi abincin kowace safiya daban.

Gyaran ba shi da wuya. A yi amfani da ragowar kaza ko naman da aka dafa jiya, a zare shi siri-siri, a haɗa da albasa, tumatir da tattasai, a barbaɗa citta ko masoro maimakon gishiri. Cuku yanki ɗaya ya isa. A gasa har sai tsakiyar ta yi zafi sosai tana tururi. Ɗanyen niƙaƙƙen nama kuwa sai an soya shi tukuna, domin burodi zai ƙone kafin naman da ke ciki ya nuna. Naman da ya kwana a waje saboda rashin wuta, a haƙura da shi. Gashi ba ya kashe dafin da wasu ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba.

Saura abin da ya shafi sana'ata kai tsaye. Sinadarin kalsiyam da ke cikin cuku yana kama wasu magunguna a hanji ya hana jiki tsotse su, musamman tetracycline da ciprofloxacin, wanda mutane ke yawan sha da sunan taifot. A bar tazarar aƙalla sa'o'i 2 tsakaninsu. Mai shan isoniazid na tarin fuka ya guji cukun da aka daɗe ana ajiyewa don ya yi ƙarfi, domin yana iya jawo ciwon kai, zafin fuska da bugun zuciya. Mai shan lisinopril ko losartan kuma kada ya koma ga gishirin da ake tallatawa a matsayin mai ƙarancin sodiyam ba tare da ya tambayi likita ba, domin galibinsa fotasiyam ne, kuma waɗannan magunguna suna tara shi a jini.

Hajiya ta ce za ta gwada da kaza, amma ba ta yi alkawarin yara za su yarda ba. Na ce ta dawo bayan mako huɗu a sake awo.