Saƙo ga Mata: Canjin Ubangida Ba 'Yanci Ba Ne



Kwana biyu ina ganin bidiyoyin da wasunmu ke turowa cikin guruf, ana yabon sojojin da suka ƙwace mulki a maƙwabta, har wata ta rubuta wai "Allah Ya kawo mana irinsu." Haba Hajiya! Kin san abin da kike roƙo kuwa?

Ni ba na kare Faransa. Ta yi shekara sama da hamsin tana haƙar yuraniyom a Arlit, fitilun Faris na ci, ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. Zalunci ne, kowa ya sani. Amma sojan Faransa sun fita Nijar a Disambar 2023, kafin watan Afrilun 2024 ya ƙare na Rasha sun sauka a Yamai. To, don Allah me aka yi? An sallami wani baƙo, an shimfiɗa wa wani tabarma. Kuna zaton Rasha don ƙaunarmu ta zo? Kowa da abin da yake haƙo a ƙarƙashin ƙasarmu.

Ku dubi Libiya. A 2011 jiragen NATO suka yi ruwan bama-bamai, aka kashe Gaddafi, makamai suka watsu cikin Sahara. Shekara guda bayan nan arewacin Mali ya kama da wuta, har yau ba ta mutu ba. Faransa ta fita Mali a 2022, 'yan Wagner suna ciki a lokacin, amma a Satumbar 2024 sai da aka kai hari har cikin Bamako. Ku dubi Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune tun kaka da kakanni. Janar biyu ke rigima tun Afrilun 2023, kowanne da masu zuga shi daga waje, mata da yara ne a sansanin gudun hijira.

Mu ma mun ɗanɗana. Da aka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, wa ya ji jiki? Mai kai kaya Illela, mai sarin albasa, uwar da 'yarta ke aure a Maraɗi ta haihu ba ta samu zuwa suna ba. Manyan da suka yanke hukuncin ba wanda ya kwana da yunwa.

Na san rayuwa ta yi tsada. Ni ma kasuwa nake zuwa, na san kuɗin kwanon masara. Amma farar hula in ya gaza, ranar zaɓe za ki kore shi da ɗan yatsanki. Soja fa? A 2025 an rushe jam'iyyu gaba ɗaya a Nijar da Mali. Da a can muke, da wannan guruf ɗin ma babu shi.

Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka. Abin da aka samu da wuya ba a sayar da shi a kan bidiyon minti biyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka bidiyon da ba ki san tushensa ba, kar ki tura. Ki ja wa ɗanki kunne kada a ba shi tutar wata ƙasa ya ɗaga, mun ga yadda aka kwashi yara a Kano a Agustan 2024. Katin zaɓenki kuma ki adana shi kamar sarƙar zinarinki.

Shugabannin mata na mazaɓu, a isar wa waɗanda ba su da waya. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Taku,
Shugabar Mata