Tankaɗe Ba Na Mata Kaɗai Ba Ne

Yadda uwargida ke tankaɗe gari, haka masu fasa dutse a bayan Yawunde ke tankaɗe tsakuwa, sai dai nasu matankaɗin inji ne. Akwai na sandunan ƙarfe mai tare manyan duwatsu, akwai mai girgiza hawa-hawa, kowane hawa da girman idonsa, akwai kuma mai juyawa kamar ganga. Ta haka ake ware 5/15 da 15/25, wato milimita.

Wani maƙwabcina a nan Briqueterie ya sayi mai araha, gauraye da ƙasa. Damina ɗaya daɓensa ya tsage. In za ka yi gini, tambayi lambar tsakuwa, a kuma rairaye yashin Sanaga a gabanka. Araha ba ta ado.

Sai wata mai zuwa.