Mai Goyo Ta Fara Shiga Jirgi, Ribar Kamfani Ce

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zauren jiran jirgi a ɗaya daga cikin filayen jiragen saman ƙasar nan, a daidai lokacin da aka yi shelar shiga, to ya ga fassarar wannan karin magana da idonsa. Kafin mai shela ta rufe bakinta jama'a sun miƙe gaba ɗaya, kowa ya rungumi jakarsa, layi ɗaya ya koma huɗu, alhali kuwa kowane mutum yana riƙe da takarda mai ɗauke da lambar kujerarsa, wadda babu mai ƙwace masa. A cikin wannan turereniya babu mai shan wuya kamar mace mai goyo, sai kuma magidancin da ke jaye da ƙananan yara.

Kwanakin baya na yi tafiya tare da ƙanwata da ke aure a Dukku, cikin masarautar Kontagora, za ta Ikko wajen maigidanta wanda ke fataucin shanu a can. Tana goye da jaririya 'yar wata takwas, tana kuma riƙe da yaro ɗan shekara uku. Kamar yadda mutanen wannan yanki suka sani, babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kontagora, saboda haka duk mai niyyar hawa jirgi sai ya dangana da Minna, ko Abuja, ko Kaduna, ko Birnin Kabi. Mun bar gida tun da asuba, muka wuni a mota, muka kwana a hanya. Da gari ya waye muka isa filin jirgi, yaran nan sun riga sun galabaita.

Da aka yi shela, guguwar jama'a ta bar mu a can baya. Muna shiga jirgi muka tarar ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ta cika, sannan ga kujerunmu uku an warwatsa su wuri uku, har da ta yaron. Ƙanwata ta tsaya a tsakiyar hanya da goyo a baya, ta waiwayo ta ce, "Yaya, yanzu wa zan bar wa yaron nan?" Dole ma'aikaciyar jirgi ta shiga roƙon fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, har wani dattijo ya tashi ya ce, "Zo ki zauna nan, 'yata." Na duba agogo, an ɓata kusan minti goma, kuma duk tsawon wannan lokaci sauran mutanen da ke bayanmu suna tsaye a kan matakala cikin rana.

Waɗannan mintoci goma su ne maƙasudin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane kamfanin jirgin sama a Nijeriya ya mayar da fara shigar da masu ƙananan yara ta zama rubutacciyar doka, wadda ake shelantawa ana kuma aiki da ita, tare da zaunar da yaro kusa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Tausayi kaɗai ya isa hujja, amma tun da yake da 'yan kasuwa nake magana, bari mu bi ta hanyar lissafi.

Jirgin sama jari ne mai tsada ƙwarai, kuma ba ya kawo kuɗi sai yana sama. Muddin yana ƙasa ci yake yi: kuɗin hayarsa ko bashin da aka saye shi da shi yana tafiya, inshora tana tafiya, albashin matuƙa yana tafiya, ga man da ake ƙonawa domin sanyaya cikinsa. Mai motar haya a tashar Kontagora ya san wannan karatu, domin motar da ta yi sawu biyu a rana ta fi wadda ta wuni tana lodi. Kamfanin Southwest na Amurka ya kafu ne a kan wannan dabara tun a shekarar 1972, lokacin da ƙarancin kuɗi ya tilasta masa sayar da jirgi ɗaya daga cikin huɗun da yake da su, ya kuma ɗora wa kansa sauke fasinja da ɗaukar wasu cikin minti goma kacal, domin jirage uku su yi aikin huɗu.

A nan gida lissafin ya fi tsanani. Mai karatu zai tuna yadda farashin man jirgi ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022, daga wajen naira 190 kowace lita zuwa naira 700, har ƙungiyar masu kamfanonin jiragen sama ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu na shekarar. Bugu da ƙari, da dama daga filayen jiragenmu ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, ga kuma hazon hunturu da ke cinye sa'o'in safiya a Arewa. Jirgi ɗaya yakan yi sawu da yawa a yini. Idan ya yi asarar minti goma a kowane zango, kafin la'asar jinkirin ya taru ya kai sa'a guda, wata rana ma sawun ƙarshe ya faɗi, kamfani ya koma mayar da kuɗi da ba da haƙuri.

To, mene ne ke jawo jinkirin shiga? Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Jason Steffen, ya yi nazarin wannan al'amari a shekarar 2008, ya gano cewa babbar matsalar ita ce toshewar hanyar tsakiya. Irin jiragen da ke zirga-zirga a cikin gida, kamar Boeing 737, hanya ɗaya tak gare su a tsakiya, da kujeru uku-uku a kowane gefe. Mutum ɗaya ya tsaya cusa jakarsa, duk na bayansa sun tsaya. Ita kuwa mai goyo aikinta ya ninka na kowa: za ta kwance zani ta sauko da jariri, ta zaunar da yaro ta ɗaure shi, ta ciro ruwa da abinci, ta nemi inda za ta sa jaka. Idan ta yi wannan a cikin jirgin da babu kowa, ba ta tsare wa kowa hanya ba, domin a lokacin sauran fasinjoji suna can ana duba takardunsu. Idan kuwa ta yi shi a tsakiyar cunkoso, mutum ɗari ne za su jira ta. Wato dai lokacin da take buƙata bai canja ba, abin da ya canja shi ne yawan mutanen da za su biya shi.

Ita wannan ɗabi'a tamu ta rububi tana da asali. Waɗanda suka yi tafiye-tafiye a shekarun ƙarshe na kamfanin Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a shekarar 2003, suna ba da labarin yadda akan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, har ta kai fasinjoji suna tsere a guje zuwa gindin jirgi, wanda ya riga ya zauna shi ke da kujera. A wancan zamani gudun yana da dalili. Yau kwamfuta ce ke raba kujeru, amma tsoron bai fita daga zukatan mutane ba. Abu ɗaya da ya rage ake takara a kansa shi ne ma'ajiyar kaya ta sama, kuma a ƙa'idar tattalin arziki, idan abu ya yi ƙaranci ba a kuma tsara rabonsa ba, ƙarfi ne ke raba shi. Mai ɗauke da jariri kuwa ba ta da hannun kokawa.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Kamfanin United na Amurka ya soke fara shigar da iyalai a shekarar 2012, da sunan sauƙaƙa tsari, amma a shekarar 2016 ya dawo da shi ga masu yara 'yan shekara biyu zuwa ƙasa. Kamfanin da ya gwada hanyoyin biyu ya koma ga ta farko, wannan kaɗai darasi ne. Game da wurin zama kuwa, ƙasar Kanada ta kafa doka a shekarar 2019 cewa a zaunar da yaron da bai kai shekara 14 ba kusa da wanda ya kawo shi ba tare da ƙarin kuɗi ba, wanda bai kai shekara biyar ba kuwa a kujerar da ke manne da tasa. Hukumar jiragen saman Indiya ta ba da irin wannan umarni a shekarar 2024 game da yara har zuwa shekara 12. Waɗannan ƙasashe sun yi haka ne saboda kamfanoni sun mayar da zaɓen kujera hajar sayarwa, har ya zama uba sai ya biya kafin ya zauna kusa da ɗansa.

Mu ma ba a bar mu babu doka ba. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, wanda ya shafi kare haƙƙin fasinja, ya umarci kamfanoni su ba da fifiko ga naƙasassu da masu rakiyarsu, da yaran da ke tafiya su kaɗai, da kuma iyalan da ke tare da yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka, manya biyu ga kowane iyali. Wasu kamfanonin ma sukan ambaci masu yara a cikin shelarsu. Inda gizo ke saƙa shi ne bakin ƙofa. Shela ce da Turanci, cikin lasifika mai ƙara, ga matar da wataƙila ranar ce hawanta na farko, sannan babu wanda ya tsaya ya buɗe mata hanya. Haƙƙin da mai shi bai ji an faɗa ba, bai kuma iya ratsa jama'a ya karɓa ba, sunansa haƙƙi ne a takarda.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu abin saurare ne. Na farko za su ce fasinjan babban aji ya biya kuɗi mai yawa, kuma fara shiga yana cikin abin da ya saya. Gaskiya ne, amma abin da ɗan kasuwa ya saya a haƙiƙa shi ne isa a kan lokaci. Me ya amfana idan ya riga kowa zama, sannan ya share rabin sa'a yana kallon cunkoso ta gefen kafaɗarsa? Kujerarsa tana gaba, ma'ajiyarsa daban take, iyalai uku ko huɗu da suka wuce shi ba su rage masa komai ba. A tashar mota ma gidan gaba na sayarwa ne, amma ban taɓa jin an ce mai goyo ta ƙara kuɗi kafin a matsa mata ba.

Na biyu za su ce jama'a za su yi wa tsarin zamba, musamman a ƙasarmu ta manyan iyalai, inda jariri ɗaya zai iya jawo mutum goma a bayansa, kamar yadda akan gani a lokacin tafiya Umra. Wannan ma gaskiya ne, kuma maganinsa yana cikin ita dokar: manya biyu, yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa, sauran dangi su bi layi. Shekarun yaro kuwa suna rubuce tun ranar da aka yanki tikiti, babu buƙatar gardama a bakin ƙofa.

Na uku kuma iyaye ne da kansu ke faɗa, cewa shigar da yaro da wuri ƙara masa zaman ƙunci ne, musamman idan jirgi ya daɗe cikin rana. Saboda haka ne ya kamata abin ya kasance zaɓi. Wadda ta ga dama ta fara shiga, wadda ta fi son yaronta ya gama guje-gujensa ta jira ƙarshe, muddin dai an tanadar musu kujeru a haɗe.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin man sawu ɗaya ba. Kamfanoni su gyara kwamfutocinsu yadda duk tikitin da ke da ƙaramin yaro za a haɗa kujerunsa tun daga farko. A sanya alama a takardar shiga ta irin waɗannan fasinjoji. A yi shela da Hausa a Kano, Katsina, Sakkwato, Minna da sauran filayen Arewa, da harshen kowane yanki a nasa wurin. Hukumar FAAN mai kula da filayen jirage ta keɓe 'yan kujeru kusa da ƙofa domin masu goyo da tsofaffi. A tsayar da ma'aikaci ɗaya wanda aikinsa shi ne riƙe layi har su wuce, ko da wane ne ya taso da 'yan rakiyarsa. Ita kuma NCAA ta riƙa aika jami'anta suna gani da ido, ta kuma bayyana wa jama'a kamfanonin da ke cikawa.

Ga masu kamfanoni, musamman namu na Arewa irin su Max Air da Rano Air, akwai kasuwa a nan. Ɗan kasuwa yana sayen kujera ɗaya, magidanci yana sayen uku ko huɗu a lokaci guda, kuma a gidajenmu labarin inda aka mutunta uwargida ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya, sai ya zaga gidan biki da gidan suna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yanayin hanyoyinmu ya sa iyalai da dama da ba su taɓa tunanin hawa jirgi ba yanzu suna ƙuƙutawa su hau, kuma kamfanin da ya fara karɓarsu hannu biyu shi zai riƙe su.

Daga ƙarshe, kira ne gare mu fasinjoji, musamman 'yan kasuwa da muka fi kowa yawan hawa. Idan an yi shela, mu dakata minti biyu mu bar mai goyo ta wuce. Matar da ta taso daga Dukku ta wuni biyu a hanya ba za ta cinye mana kujera ba, kuma jirgi ba ya tashi sai na ƙarshe ya zauna. Allah ya kai kowa gida lafiya.