Kafin ka soka tamokopul a salansa, gwada ta tukuna

'Yan uwa, musamman 'yan injiniyarin da ke ajin ƙarshe a nan Kudu.

Jiya na zauna a difens ɗin wani ɗan uwanmu. Ya kwatanta dizal zalla da wanda aka gauraya da man da aka sarrafa daga manja, ya ce hayaƙin na biyun ya fi zafi da digiri 3. Malamin da aka gayyato ya yi tambaya ɗaya tak: "Ka gwada tamokopul ɗinka?" Shiru. Wallahi sai da na ji kamar ni ne a tsaye.

Malamin bai zalunce shi ba. Nau'in K da muke saye, kuskuren da aka yarje masa shi ne digiri 2.2 ko kashi 0.75 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. A zafin digiri 500, kusan digiri 4 kenan. To ina digiri 3 ɗinka? Kuskuren wayar kaɗai ya haɗiye shi.

Na san za a ce lab babu kaya. Gaskiya ne, amma gwajin farko ko a hostel za ka yi. Daka ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, tsoma kan wayar: 0 ya kamata ka gani. Sai tafasasshen ruwa: a Legas 100 ne, amma in kana hutu a Jos, wajen 96 za ka gani saboda tudu, ba lalacewa ba ce. Wannan bai tabbatar da awon 500 ba, amma zai tona asirin waya mara kyau ko wadda aka haɗa a juye.

Sai sauri. Cire ta daga ƙanƙara, jefa a tafasasshen ruwa, ɗauki bidiyo da wayarka, ƙirga sakan nawa ta yi kafin ta kai 63. Mai kaurin riga tana da nawa, a cikin hayaƙi ma ta fi haka nawa. In ka ƙara wa janareta lodi ka rubuta lamba nan take, tsohon zafi ka rubuta. Jira lambar ta tsaya.

Yini ɗaya ne fa, don kare wahalar wata shida da kuɗin da iyaye suka turo da ƙyar. Saka sakamakon gwajin a babi na uku, in an tambaya ka buɗe shafin.

Mai ƙanƙara a firij ya yi magana, Asabar za mu gwada tawa. Allah Ya ba mu sa'a.