A Daina Mayar Da Mu Farko

Ko shakka babu, matasanmu na Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha, sun san wannan takaici: ana tsakiyar sauko da sabon zubin wasan kwamfuta, wuta ta ɗauke, da an kunna sai a tarar aiki ya koma farko. Abin da bai gama shiga faifai ba yakan lalace, manhaja ta watsar da shi, kuɗin data ya bi ruwa. Mu da muka ga katsewar layukan Zain, MTN da Sudani a Fabrairun 2024 mun san darajar intanet. Muna kira ga kamfanonin wasanni su riƙa turo kayansu gunduwa-gunduwa, wadda ta iso ta zauna. Masu shaguna kuma su tanadi batir, a dakatar da saukarwa kafin a kashe na'ura.